Hannun Wani a Kwamfutar Baba

Cikin Zuhura yana wata huɗu likita ya kwantar da ita. Ya ce ba hawa mashin, ba shiga mota, ba tsayuwa gaban ɗalibai, ko bokitin ruwa kada ta ɗaga. Sau biyu ke nan tana ɓari, kuma duka biyun a daidai irin wannan lokaci suka zo, saboda haka ba ta yi musu ba. Ta ɗauki hutu daga makarantar 'yan mata da take koyarwa a Argungu, ta koma ɗaki ta kwanta. Mijinta Maliki malamin gona ne, yakan fita tun da safe zuwa fadama wurin manoman shinkafa, ba ya dawowa sai yamma. Kafin mako biyu ta haddace duk tsagar da ke jikin silin ɗakinta.

A wannan zaman ne yayanta Zulkifli ya zo duba ta daga Birnin Kebbi, ya zo mata da maganar littattafan mahaifinsu.

Mahaifin nasu, Malam Muhammad Sani, tsohon malamin makaranta ne. Yana cikin ma'aikatan da suka baro Sakkwato suka dawo gida lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, kuma ga shi a wannan shekara jihar na cika shekara ashirin. Mahaifiyarsa 'yar masunta ce daga garin Gulma. Tun yana aiki yake bin tsofaffin masunta bakin ruwa yana rubuta kalmominsu: sunayen kifaye, sunayen kayan su, yadda ake kiran ruwa in ya cika da in ya janye, kirarin da ake yi wa gwanin nutso. Sai da ya cika littafi goma sha huɗu irin na 'yan makaranta. Yanzu ya tsufa, matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, yana zaune a gidan Zulkifli a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, kuma kunnensa ya yi nauyi ƙwarai. Magana da shi a waya ta zama wahala. Zuhura za ta yi ta ɗaga murya har maƙwabta su ji, shi kuma ya ce, "To, madalla, Allah shi yi albarka," ya miƙa wa jikokinsa wayar.

Zulkifli ya ce tsohon ya damu a mayar da littattafan cikin kwamfuta kafin gara ta riga su. An fara, amma aikin ya dagule. Shi ya buga wasu shafuka, wani tsohon ɗalibin Malam mai suna Kalilu, wanda ke koyar da kiwon kifi a Sakkwato, ya buga wasu, kowa da nasa kwafin, har an rasa wanne ne na gaskiya.

"Na samo dabara," in ji Zulkifli. Aikinsa ke nan, gyaran kwamfutoci. "Kwafi ɗaya za a bari, a kwamfutar da ke ɗakin Baba. Ke da Kalilu ku riƙa shiga cikinta daga inda kuke. Ga ki kwance ba aikin fari ba na baƙi."

Ya ɗauki ƙaramar kwamfutarta ya sa mata wata manhaja, ya rubuta mata lambar shiga a bayan katin asibiti. Washegari bayan la'asar ta soka 'yar na'urar intanet, ta shigar da lambar, sai ga fuskar kwamfutar mahaifinta ta bayyana a gabanta kamar ita ce zaune a kujerarsa. A hagu hoton shafin littafinsa ne, da rubutun nan nasa mai karkata. A dama shafin da ake bugawa. A ƙasa Zulkifli ya buɗe musu wani ɗan fili na magana, inda kowa zai rubuta abin da yake son faɗa bayan ya sa harafin farko na sunansa.

Kwanakin farko rikici ne. 'Yar kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfutar guda ɗaya ce, su kuwa su uku ne, kowa da linzamin kwamfutarsa a hannu. Zuhura za ta ja ta sama, Kalilu ya ja ta ƙasa daga Sakkwato, Malam kuma ya riƙe nasa gam yana mamakin abin da ke damun na'urar. Ga intanet ɗin da jan ƙafa, sai ka danna abu ka gama shan ruwa kafin ya motsa. Daga baya suka yi tsari. Zuhura ke bugawa, Kalilu ke duba ko bayanin kifin ya yi daidai, Malam ke da maganar ƙarshe. Wanda ke son linzami sai ya nema a filin magana.

Malam ya koyi buga rubutu ne a tafireta tun zamanin da, da yatsu biyu yake yi, a hankali, harafi ya fito ya huta kafin ɗan'uwansa ya biyo. Kuma yana da doka guda da ba ya sassautawa: a rubuta kalma yadda masu ita ke faɗinta. Ranar farko Zuhura ta buga "kifi". Kibiya ta rarrafo ta goge.

"Kihi aka cewa nan, Inna," ya rubuta. "Wanda yak kama shi bai ce kifi ba."

Inna yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta yi dariya ita kaɗai a ɗaki, ta gyara.

Abin da ba ta zata ba shi ne, mutumin da ta sani tun tana yarinya da ƙarancin magana, wanda in ya shigo gida kowa ke nutsuwa, ashe a rubuce mai hira ne. Kunnen da ya raba shi da mutane ba shi da aiki a nan. In sun iso kan wata kalma sai ya tsaya ya ba da labarin inda ya samo ta. Ya ba su labarin wani tsoho a Gulma da ya ƙi faɗa masa sunan wani ƙaramin kifi sai da ya taya shi gyaran homa, ragarsa ta kamun kifi, yini guda. Ya ba su labarin yadda mahaifiyarsa ba ta cin gaiwa har ta bar duniya, wai kifin da ke kwana cikin busasshen laka yana jiran damina ya fi ƙarfin a ci shi. Wani lokaci Kalilu kan yi sallama ya fita don yana da aji, su biyu su ci gaba. Nan Malam kan tambaye ta ko ta ci abinci, ko ƙafafunta sun daina kumbura. Rannan har ya rubuta mata cewa mahaifiyarta ma haka ta sha wahala da cikin Zulkifli, kuma da yamma takan so a kawo mata gasasshiyar masara.

Wata biyu suna haka. Suka gama littafi takwas. Maliki in ya dawo yakan tarar da ita jingine da matashi, kwamfuta a kan tire, fuskarta a sake. Ya ce mata wannan aiki ya fi maganin likita amfani.

Sai wata Talata ta shigar da lamba, kwamfutar can ba ta amsa ba. Ta sake, shiru. Ta kira Zulkifli bai ɗauka ba, sai can da yamma ya kira ya ce wuta ce ta ƙona wani abu a cikin kwamfutar Baba, yana nema. Muryarsa ta yi mata wani iri, ta tambaye shi ko lafiya, ya ce gajiya ce. Kwana huɗu ba a yi aiki ba. A na biyar ya turo saƙo cewa an gyara.

Ta shiga da murna. Kalilu na nan. A filin magana aka rubuta, "Inna, ina gajiya?" Ta amsa, aka ci gaba daga littafi na tara.

Ta lura labarai sun ragu. In ta tambayi asalin wata kalma sai a ce, "Mu ci gaba, lokaci na tahiya." Ta ɗauka tsufa ne, ko kuma ya ƙosa ya ga ƙarshen aikin. Amma tambayar lafiyarta ta ƙaru. Kullum sai an tambaye ta me likita ya ce, ko tana shan magani, ko Maliki na kula da ita.

Ranar wata Juma'a, bayan Kalilu ya fita, ta rubuta cewa jiya ta ji ɗan ciwon mara, ta tsorata, amma ya lafa. Ta ƙara da cewa duk lokacin da ta tuna wancan karon na biyu sai jikinta ya mutu. Ba ta yi niyyar faɗin fiye da haka ba. Amma akwai abin da ta daɗe tana riƙe da shi a rai: lokacin da ta yi ɓari na biyu, kowa ya zo Argungu, har maƙwabtansu na Birnin Kebbi, mahaifinta ne kawai bai zo ba. Saƙon gaisuwa ya aiko. Ba ta taɓa faɗa wa kowa yadda abin ya tsaya mata ba.

Fuskar kwamfutar ta daɗe ba motsi. Sannan rubutu ya fito.

"Inna, ranar nan na so zuwa. Na shirya, na kasa. Ban san da wane ido zan dube ki ba. Ki yahe mini."

Zuhura ta karanta ya fi sau goma. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta, amma kuka ne mai sauke nauyi. Ta rubuta, "Baba, ba ka yi mini komai ba." Ta ɗauko littafin da take ajiye addu'o'i ta kwafe maganar tasa harafi da harafi. Ko Maliki ba ta nuna wa ba.

Bayan mako guda ta buga bayanin tarwaɗa, cikin sauri hannunta ya rubuta "kifi". Ta gani, ta bar shi da gangan, tana jiran kibiyar nan ta rarrafo ta goge don ta yi dariya. Kibiya ba ta zo ba. Aka rubuta, "Ya yi, wuce gaba." Ta gyara da kanta.

Washegari ta zuba ido sosai. Rubutun Baba yana fitowa ne kalma kalma, ba harafi harafi ba. A wani wuri aka rubuta "lafiya", nan take aka goge aka mayar da ita "lahiya". Mahaifinta bai taɓa buƙatar gyara wannan kalma ba. Ta zauna tana kallon shafin, tana neman wata fassara da za ta ba abin, ba ta samu ba.

Ta nemi linzami, aka ba ta. Ta rubuta, "Baba, wane kihi ne kac ce Innarka ba ta ci? Na manta, ina son in sa a bayani."

Ba amsa. Minti ɗaya, minti biyu. Sai kibiya ta motsa da sauri, Kalilu ne ya karɓe ta ba tare da ya nema ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya rubuta, "Malama, kamar intanet ɗin Malam ya tsinke. Mu bari sai gobe."

Intanet bai tsinke ba, tana ganin agogon kwamfutar can yana tafiya. Ta rufe tata a hankali ta ajiye gefe.

Ba ta kira Zulkifli ba. Ta jira Maliki. Ya shigo da laka a takalminsa, ya yi sallama, ya tambaye ta jiki. Ta ce ya zauna.

"Malam, taron ofis da ka je Birnin Kebbi sau biyu cikin watan ga, taron mene ne?"

Ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Maliki bai iya ƙarya ba, ita ma ta san da haka, shi ya sa ta fara da shi.

"Yana da rai?" ta tambaya.

"Yana da rai," ya ce da sauri. "Wallahi yana da rai. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ranar Talatar nan ya faɗi a wurin alwala. Ya yi kwana goma a asibiti, yanzu yana gida."

"Yana magana?"

Maliki ya girgiza kai.

"To wa ke yi mini magana tun mako uku?"

Ya kau da kai. Ta gane amsar. Ta kuma gane cewa Kalilu ya sani, matar Zulkifli ta sani, ƙila har matan da ke zuwa gaishe ta sun sani, suna zama a bakin gadonta suna hirar tsadar albasa. Ita kaɗai ce ke zaune kullum bayan la'asar tana zuba zuciyarta ga wanda ba ya nan.

"Don cikin ne," in ji Maliki. "Likita ya ce kada ki ji abin tashin hankali. Mun ji tsoro, Zuhura."

"Gobe za ka kai ni."

Ya yi ta lallashi. Ta ce in bai kai ta ba za ta fita tasha da ƙafarta. Da safe ya je ya ga likita, likitan ya ce tunda ta riga ta ji, hana ta ya fi tafiyar haɗari, a dai tafi a hankali. Maliki ya aro motar abokin aikinsa, ya kwantar da kujera, ya jera matasai. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba sai da suka yi kusan biyu. Damina ce, fadama ta yi kore shar, a Ambursa mutane na cikin ruwa har gwiwa suna cirar ciyawa a shinkafa. Zuhura na kallo ta taga har suka shiga Gesse.

Zulkifli na tsaye a ƙofar gida. Ya rame. Ya buɗe baki zai yi magana, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba.

An shimfiɗa wa Malam katifa a ƙasa don kada ya faɗo. Bakinsa ya karkace, hannun damansa na kwance a gefe kamar ba nasa ba. A kusurwar ɗakin ga teburin kwamfuta, ga kujera, ga littattafansa a jere. Da ya gan ta idanunsa suka buɗe sosai. Ya dubi cikinta, ya dubi Zulkifli da ya biyo ta, wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ba kalma ba ne.

Ta durƙusa da ƙyar ta kama hannunsa na hagu. "Baba, ni ce. Lafiyata ƙalau. Likita ne ya bar ni in zo." Ta san ba ya ji sosai, sai ta ɗora hannun a kan cikinta. Ya bar shi a nan. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne, ta sa bakin gyalenta ta share.

Kwana tara ta yi a ɗakin. Aka sa mata katifa kusa da tasa, mara lafiya biyu ɗaki ɗaya, Fiddausi matar Zulkifli na hidima da su duka. Zuhura takan ba shi kunu da cokali. Takan rubuta masa magana da manyan haruffa a takarda ta ɗaga masa, ya duba ya daɗe, ba ta san ko yana ganewa ba. Ta gwada sa masa biro a hannun hagu, ya zana wasu layuka da ba su zama komai ba, ya saki biron, ya juya fuska bango. Ba ta sake gwadawa ba. Wani lokaci takan ɗauko ɗaya daga cikin littattafan ta buɗe masa, ya bi shafin da ido. Wannan kam yana sa shi nutsuwa.

Sau da yawa ta so ta rubuta a takardar ta tambaye shi maganar ranar Juma'ar nan. Ta fasa. Ba ta ga yadda za ta ɗora wa mutumin da ke wannan hali tambayar da ba zai iya amsawa ba.

A rana ta goma da hantsi, Fiddausi na goge masa fuska, numfashinsa ya canza. Kafin Zulkifli ya iso daga ofis rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura bayan azahar. Tsofaffin ɗalibansa suka cika layin, har da wasu masunta uku daga Gulma da suka zo a bayan a-kori-kura.

Sai bayan addu'ar uku, da baƙi suka ragu, ta aika a kira mata Zulkifli. Ya shigo ɗakin ya tsaya. Ta ce ya kunna kwamfutar ya buɗe filin maganar tun daga farko.

"Yaya, nuna mini inda Baba ya tsaya."

Ya ja shafin sama, ya ɗora yatsa a kan wani layi. Maganar ƙarshe ta mahaifinta ita ce, "Gobe mu kama na tara, in Allah ya kai mu." Duk abin da ke ƙasa da wannan na Zulkifli ne. Ta riga ta sani, amma ta so ta gani da idonta. Ta ce ya gangara zuwa ranar Juma'a. Ya gangara.

"Shi ya ce ka rubuta wannan?"

"A'a."

"Ya yi maka wata alama?"

"Yana barci lokacin." Zulkifli ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. "Ranar da ya faɗi, kafin bakin ya rufe gaba ɗaya, abu ɗaya ya iya cewa: kada Inna ta ji. Shi ke nan abin da ya ce. Na yi niyyar in ce kwamfuta ta lalace har ki haihu, sai kika riƙa kira kullum. Na ce to bari in zauna in riƙa cewa e da a'a. Ban yi niyyar ya kai haka ba."

"Amma ka nema masa gafara a wurina."

"Zuhura, ban ƙirƙira ba. Ranar da kika yi ɓarin nan na gan shi da idona. Ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa, ya ce in kai shi tasha. Na kai shi. Ya shiga mota ya zauna, saura mutum biyu ta cika, ya fito ya ce in mai da shi gida. Bai ci abinci ba ranar. Na san abin da ke ransa. Da kika rubuta maganar sai na ga in ban faɗa ba, ba mai faɗa miki har abada."

"Da sai ka faɗa da bakinka. Ka ce, Zuhura, ga abin da na gani. Da na karɓa." Muryarta ba ta tashi ba. "Ka san sau nawa na karanta shi? Na kwafe shi cikin littafin addu'ata. Na ce yau mahaifina ya buɗe mini cikinsa. Ashe kai ne zaune kana kwaikwayon harshensa."

"Na yi kuskure."

"Yanzu ko labarin tashar nan, ta yaya zan san ba don ka kwantar mini da hankali ka faɗe shi ba?"

Ya ɗago ya dube ta. Ya rantse. Ta ce ta ji. Amma dukansu sun san rantsuwar ba ta gyara komai ba, domin mutum ɗaya ne zai iya tabbatarwa, kuma sun kai shi makwancinsa kwana uku da suka wuce. Zulkifli ya rufe fuska da hannu yana kuka kamar yaro. Ita ba ta yi ba. Ta ce ya kashe kwamfutar.

Ta koma Argungu. Cikin ya zauna. A farkon sanyi ta haifi ɗiya mace, lafiyayya, aka sa mata Aminatu. Mutane suka yi ta cewa ai dabarar Zulkifli ce ta tsare cikin, da ta ji labari a makon farko Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Ƙila gaskiyarsu ne. Ita ma takan yi wannan tunani in tana shayar da yarinyar, ta kuma tuna cewa a makonni ukun nan mahaifinta na kwance tafiyar awa guda daga gadonta, ita tana nan tana gyaran wasula. Ba ta taɓa iya auna abubuwan biyu ta ce ga wanda ya rinjaya ba.

Sai da Aminatu ta yi wata huɗu ta kira Kalilu. Ya fara da ba da haƙuri, ta ce a bar maganar, aiki ya rage. Ta sa aka kawo mata kwamfutar mahaifinta da littattafan zuwa Argungu, yanzu Kalilu ne ke shiga daga Sakkwato, ita ke zaune a gabanta. Suka sake bin littafi na tara da na goma daga farko, domin ba ta yarda da duk gyaran da aka yi da sunan Baba ba. Littattafai biyun ƙarshe suka fi wuya. A cikinsu Malam ya rubuta kalmomi da yawa bai sa ma'ana ba, ya bar ta a cikin kansa. Kalilu ya ɗauki jerin ya tafi Gulma ya zauna da tsofaffi kwana biyu. Suka gane mafi yawa. Goma sha ɗaya ba wanda ya san su. Kalilu ya ce a cire, ko kuma ya yi hasashe tunda ya san fannin. Zuhura ta ce a'a, a bar su yadda ya rubuta, a bar gabansu fili.

Zulkifli kan zo Argungu duk ƙarshen wata. Yakan zo da Fiddausi da yara, ya zauna a zaure da Maliki, ya shigo ya gaishe ta. Tana amsawa, tana sa a kai masa abinci, tana miƙa masa Aminatu ya ɗauka. Wata rana da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, makullin mota a hannu.

"Har yanzu ba ki yafe mini ba."

"Na yafe, Yaya. Tun kafin in haihu."

"To me ya rage?"

Ta yi tunani, don ba ta son ta ba shi amsar da ba gaskiya ba.

"Ban sani ba," ta ce. "In ka yi mini magana sai in ji ina auna ta. Da ba haka nake da kai ba. Ka bar ni tukuna."

Ya gyaɗa kai. Fiddausi na kiransa daga waje, ta ce hadari na haɗuwa ta gabas, gara su kama hanya. Ya shafa kan Aminatu, ya ce Allah ya raya, ya fita. Zuhura ta bi su har zaure, ta tsaya da yarinyar a kafaɗa har motar ta sha kwana.